Gurabe Huɗu a Ƙyallen Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara bakwai, ya rasu a Salaga ranar Talata da hantsi, yana zaune a kan buzunsa, rediyo na ta magana a gefensa. Ban sami jana'iza ba. Daga Bawku zuwa Salaga ba nan kusa ba ne: ka bi ta Zebilla, ka sauka Bolga, ka canja mota a Tamale, sannan ka miƙa wa hanyar Salaga ƙugunka ta yi yadda ta ga dama da shi. Na iso washegari da la'asar, ƙafafuna a kumbure, na tarar ƙasar kabarin har ta fara bushewa.

A ƙofar gida tsofaffin ɗalibansa ne zaune a kan benci, domin Kawu malamin kimiyya ne, ya koyar a Yendi da Bawku kusan shekara talatin da biyar, kowa Masta yake kiransa. Wani mai furfura, mai sayar da kayan gyaran mota a Tamale, ya riƙe hannuna yana hawaye, sai ya kama jero sunayen sinadarai kamar yadda Kawu ya koya musu da waƙa: haidirojin, hiliyom, litiyom. Ya kai na goma sha ɗaya ya maƙale. Ya ce, "Madam, da yana nan da na sha bulala paa, ba kaɗan ba." Ya yi dariya, ya koma kukansa.

A cikin gida kuwa wata magana ce daban ke yawo ƙasa-ƙasa tsakanin mata. Wata ta ce kada mai ciki ta kuskura ta shiga ɗakinsa. Wata ta ce to, hatimin fa, wa zai gaje shi? Ina alwala wata tsohuwa ta ja ni gefe, ta ce ta ji akwai gidan zinariya a jikin ƙyallen nan mai zane da ke rataye a ɗakin Kawu, in taimaka in yanko mata shi kaɗai, ɗanta yana haƙar zinariya a kudu shekara uku bai aiko ko sabulu ba. Na zare hannuna na wuce. Gajiyar da na ji a lokacin ta fi ta hanya.

Bayan sadakar uku, ƙanin Kawu ya kira ni zaure. Shi ne muke kira Ƙaramin Kawu, malamin allo ne, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwa. Bai yi kwana-kwana ba.

"Ranar sadakar bakwai, da zarar an shafa addu'a, zan ƙone ƙyallen nan," in ji shi. "Kin dai ji da kunnenki abin da mata ke faɗi. Ba zan bari a mai da ɗakin ɗan'uwana wurin ziyara ba."

Na ce, "Kawu, kai ma ka san ba hatimi ba ne."

Ya ce, "Na sani. Su ne ba su sani ba, kuma sun fi mu yawa."

Saboda wannan ƙyalle nake rubutun nan, don kada a wayi gari abin da aka sani game da Kawu kawai shi ne wai yana da asiri.

Farin yadi ne, faɗinsa ya kai zanen gado, tsufa ya mai da shi ruwan ƙasa. An ja masa layuka a tsaye da a kwance, gida-gida, kowane gida da lamba a sama da harafi ɗaya ko biyu a tsakiya. Jadawalin sinadarai ne, wato jerin tushen abubuwan da Allah Ya gina duniya da su: ƙarfe, gawayi, farar wuta, dalma, zinariya, iskar da muke shaƙa, kowanne a gidansa. Yau ana buga shi a bayan littafin kowane ɗalibi. A lokacin da aka tura Kawu Yendi yana saurayi, makarantar ba ta da ko ɗaya, shi ne ya yi nasa. Ko da aka kawo ni riƙo na tarar da shi a rataye, kullum da safe Kawu ya naɗe shi ya ɗaure a bayan keke, da yamma ya dawo da shi bango. Laifinsa ɗaya: duk wanda ya tashi a zango, in ya ga gidaje da lambobi da haruffa a jere, hatimin malamai ne zai faɗo masa a rai.

Kawu ba ya koyar da jadawalin sai ya fara da labarinsa. Yakan yanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana, ya rubuta sinadari a kowanne da nauyinsa, ya watsa su a tebur ya ce wa yara su jera. In sun gaji sun fara faɗa, sai ya ce haka manya ma suka sha wahala. Akwai wani Bajamushe da ya fara lura wasu sinadaran suna tafiya uku-uku kamar duwatsun murhu, halinsu ɗaya. Bayansa wani Bature ɗan Ingila ya ce in ka jera su bisa nauyi, na takwas yakan dawo da halin na farko, kamar yadda in ka ƙirga daga Juma'a, ta takwas Juma'a ce. Aka yi masa dariya a taron masana. Kawu yakan tsaya nan ya dubi ajin ya ce, "Ku riƙe wannan. Wanda ya zo da gaskiya da wuri, dariya ce ladansa."

Amma gwaninsa shi ne wani mutumin Rasha mai tarin gemu. Shi ma ya jera su, sai ya ga wasu wuraren babu sinadarin da ya dace da su cikin waɗanda aka sani. Bai cusa wani a wurin don jerin ya yi kyau ba. Ya bar gurabe a buɗe, ya ce masu su suna nan tafe, har ya faɗi nauyinsu da halinsu tun ba a gan su ba. Ba a daɗe ba wani a Faransa ya gano ɗaya daga cikinsu, wani ƙarfe mai narkewa a tafin hannu. Da ya bayyana awonsa, mutumin Rashan ya aika masa cewa ya sake awo, akwai kuskure. Aka sake, sai ga shi mai gemun ne da gaskiya. Kawu ya ba da labarin nan ya fi sau dubu, kuma kowane karo sai ya buga cinya. "Mutum bai taɓa ganin abu ba, ya gyara wa wanda ke riƙe da shi a hannu!"

Daga nan ya samo maganarsa da duk wanda ya zauna da shi ya haddace: abin da ba ka sani ba, bar masa gurbi. In ɗalibi ya cika takardar jarrabawa da shaci-faɗi, sifili yake ba shi. In ya bar wurin fari ya rubuta ban sani ba, sai ya ba shi rabin maki. A gida ma haka. In aka kawo masa gulmar wani, ya tambaya, "Ka gani da idonka?" In aka ce a'a, ya ce a bar masa gurbi. Ina budurwa wannan magana ta ishe ni, don ni mai son a yanke hukunci nan take ce, har gobe ma ban canja sosai ba.

Akwai wurin da muryarsa kan sauka. Wani saurayi ne, shi ma ɗan Ingila, wanda ya nuna cewa ba nauyi ke ba sinadari gidansa ba, lambarsa ce, ɗaya bayan ɗaya ba tsallake. Da haka aka san daidai gurabe nawa suka rage. Sai aka yi yaƙin duniya na farko, ya tafi, harsashi ya same shi bai kai talatin ba. Kawu yakan juya ya share allo ko da babu komai a jikinsa.

Layin ƙarshe na hannun dama, na wasu iskoki ne da aka gano daga baya, waɗanda ba sa haɗuwa da kowa. Kawu yana kiransu masu gidan kansu, ba aure, ba abota. Matarsa, wadda nake kira Inna, takan ce in dai ana ba mutane gida a ƙyallen nan, can za a sa shi da ƙaninsa, ɗaya a saman ɗaya. Yakan ce, "Ai su ne ba sa tsatsa." Ta ce, "Ba sa miya kuma."

Layin ƙasa kuwa, lokacin da aka zana ƙyallen, fiye da rabinsa fari ne, don ba a gano masu gidajen ba tukuna. Kawu ya sa an ja gidajen duk da haka. Tsawon shekaru, duk ran da ya ji a rediyo ko ya gani a mujalla an raɗa wa wani sabo suna, sai ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya shimfiɗa ƙyallen a tabarma ya rubuta haruffan. Inna takan tambaye shi ko a yanka rago.

A Bawku abin ya ɓaci, kuma alheri ne ya jawo. Wata mai sayar da albasa a kasuwa ta zo gidanmu da yamma, ta rufe wuyanta da gyale. Maƙoƙo ne ya fara fito mata.

"Masta, ka taimake ni," ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa. "Wuya na ya girma, miji na ya ce ni ya yi muni. An ce kai kana da hatimi babba paa. Ka wanke mini ɗaki ɗaya in sha."

Kawu ya yi dariya har da tari, sannan ya ga matar kuka take yi, ya daina. Ya kai ta gaban ƙyallen, ya ɗora yatsa a gida na hamsin da uku. Ya ce abin da jikinta ya rasa ke nan, sunansa aidin, amma ba a wanke shi a sha, a gishiri ake sa shi. Washegari ya sa Inna ta raka ta asibiti, ya kuma saya mata gishirin leda mai aidin ya ce ta bar na awo. Bayan 'yan watanni wuyan ya sauka. Matar nan, Allah Ya saka mata, ba wanda ba ta gaya wa ba a kasuwar Bawku: Masta ya duba ƙyalle ya ga ciwonta, ko tambaya bai yi ba.

Shi ke nan muka rasa sukuni. Mai shanun da suka ɓace, mai neman haihuwa, ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a kan iyaka, har daga Garu ake zuwa. Kawu ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya koma kora da sanda. Sai aka ce ai malamin gaske ke nan, mai ɓoye abinsa. Ya sake bin haruffan duka da tawadar da ba ta wankuwa, aka ce ya ƙara masa ƙarfi.

Labari ya bi motocin shanu ya isa Salaga. Ƙaramin Kawu ya yi takakkiya ya zo. Ni na kai musu tuwo da miyar ayoyo a kwano ɗaya, kamar yadda suka saba ci tun suna yara, don haka a kunnena aka yi. Ƙaramin Kawu ya ce mahaifinsu ya yi limanci shekara da shekaru yana yaƙar masu duba, yanzu ga ɗansa ana layi a ƙofarsa. Ya ce a sauke ƙyallen a ƙone, a toshe ƙofar ɓarna. Kawu ya ce jahilcin mutane ba zai sa shi ƙona ilimi ba. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, "Da kuna koya musu abin kirki a masallaci, da ba su zo gidana neman shan tawada ba."

Ƙaramin Kawu ya zare hannunsa daga kwanon, ya wanke. Ya ce, "Yaya, ba zan ƙara sa hannu a kwano ɗaya da kai ba sai ranar da ƙyallen nan ya sauka daga bango." A ranar ya koma tasha.

Harshe da haƙori ma ana saɓawa, haka muka ce, muna zaton wata biyu ne. Aka yi shekara ashirin da wani abu. Kawu ya yi ritaya ya koma gidan gado a Salaga, kowa da sashensa, katanga ɗaya tsakani. Ƙaramin Kawu malami ne, ya san hukuncin gaba, don haka kullum da asuba sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Kawu ya ce, "Lafiya lau, Malam." Iyakarta ke nan. Bai taɓa tsallaka dokin ƙofar ba. Mun yi magana, dangi sun yi, har muka gaji muka zuba musu ido. Dukansu biyu ina ƙaunarsu, kuma dukansu biyu sun ba ni haushi.

Sannan idon Kawu ya tafi. A lokacin gidaje huɗu suka rage a layin ƙasa, gida cike, gida fari, kamar bakin tsoho. Da aka sanar da sunayen huɗun, ni na kira shi a waya daga Bawku, don ni ma aikinsa na gada. Na ce ɗaya an ba shi sunan ƙasar Jafan, ɗaya na yankin Mosko, ɗaya na wata jiha a Amurka, na ƙarshe na wani tsohon masani. Ya ce in maimaita, na maimaita. Na ce in na zo hutu zan rubuta masa su. Ya ce, "Bar su." Na zo hutu na sake tayawa, ya sake cewa in bar su. Na ɗauka rigimar tsufa ce, na yi fushi na daina tambaya. Daga baya ma zuwan nawa ya ja baya: yau hanya ba lafiya, gobe jarrabawa, jibi ciwon ƙafa. Zumunta a ƙafa take, ni kuwa na mai da ita ta waya.

Ba zan ɓoye ba, ana gobe sadakar bakwai na shiga ɗakin na sauke ƙyallen, na naɗe na cusa a ƙasan jakata. Niyyata da an shafa addu'a in bi motar farko da ta tashi, in bar Ƙaramin Kawu da ashanarsa. Inna na zaune a kan tabarmar takaba tana kallona.

Washegari da hantsi aka shafa addu'a, aka raba masa da goro, mutane suka fara watsewa. Sai ga Ƙaramin Kawu da kwalbar kananzir da ashana. Karon farko ke nan da ya shigo sashen. Ya dubi bango ya ga ƙusoshi kawai.

Inna ta ce da ni, "Fito da shi." Na yi kamar ban ji ba. Ta ce, "Ke, ni na goya ki. Fito da shi." Na fito da shi ina huci, na shimfiɗa a ƙasa.

Ta sa aka kawo kwanon tuwo aka ajiye a gaban buzun Kawu. Sannan ta nuna wani buzun a gefensa, gashinsa cif, ba alamar an taɓa zama a kai.

"Malam Ƙarami, ka san na wane ne wannan?" ta ce. "Tun ranar da muka dawo garin nan, kullum sai na shimfiɗa biyu, na tuƙa na mutum biyu. Kullum in kwashe rabi in ba kaji. In na yi mita yayanka ya ce, gurbinsa ne, mai shi yana tafe. Kajin unguwar nan duk da tuwonka suka yi ƙiba."

Ƙaramin Kawu ya ƙura wa buzun ido. Inna ta ci gaba.

"Kuma tunda ƙonawa za ka yi, gaya wa 'yar nan wa ya ja layukan. Yayanka ko layin awaki bai iya ja ba. Wa ya zo Yendi ya yi kwana uku a durƙushe da rula da alƙalamin zayyana?"

Na dube shi. Shekara arba'in da 'yan kai ina kallon ƙyallen nan, ban taɓa tambayar dalilin da layukan suka miƙe sambal alhali haruffan Kawu duk a karkace suke ba.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Shi ya sa ya yi kama da abin da suke zato. Hannuna ne ya jawo masa."

Inna ta ce, "Huɗun can kai ya bar wa. Ya ce ranar da ka zo cin tuwo zai roƙe ka, wanda ya buɗe shi ya rufe. Na ce ya aika a kira ka, ya ce shi ne babba. Kai kuma ka yi rantsuwa. To ga ƙyalle ya sauka. Sai ka ci."

Ya ajiye kwalbar. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a kan buzun, ya wanke hannu, ya yanki loma ɗaya daga gefen da ke gabansa. Ya kai baki ya haɗiye. Bai ƙara ta biyu ba.

Ya ce in kawo tawadar Yaya. Bai iya boko ba, don haka na riƙa zana masa haruffan a takarda manya-manya yana kwaikwaya. Ya tsoma alƙalami a tawada ya ɗora a kan yadin. Ya cika na farko, ya cika na biyu, ya cika na uku, sun fi duk sauran haruffan ƙyallen kyau. Saura na kusurwa, can ƙasan layin masu gidan kansu. Na miƙa masa takardar. Ya dube ta, ya goge alƙalamin ya ajiye.

Na ce, "Kawu, saura ɗaya."

Ya ce, "Ya shimfiɗa mini buzu, na gani. Amma ko ya yafe mini, ban ji daga bakinsa ba, kuma ba zan ji ba. Ban sani ba, 'yata." Ya tashi da ƙyar, ya ɗauki kananzirinsa. "Tafi da shi Bawku. Ki rataye inda ake karatu."

Yana bangon ajina yanzu. Kowace shekara sai an sami mai wayon da zai ɗaga hannu, ya ce ya duba a waya, Madam, ɗaki ɗaya babu komai, an manta. Nakan ce na sani, ba mantawa aka yi ba, buɗe littafinka.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haskaka kawunan 'ya'yan mutane. Ya sa ya tarar da nasa gurbin a shimfiɗe, da wani a gefensa.